Neman Abin Da Zai Maye Baƙar Ledar Raino: Kundin Gwajin Sitacin Rogo

13 ga Janairu, 2025

Aikin da muka sa a gaba shi ne samar da mazubin rainon dashen itatuwa wanda za a binne tare da dashen ya ruɓe a cikin rami, a madadin baƙar ledar da kowane gandun raino yake amfani da ita. Ledar ta folitin ce, ga arha, ga rashin nauyi, kuma tana yin aikinta. Matsalarta tana farawa ne ranar dashe: a tsaga ta da reza, a yar a bakin rami, iska ta kwashe. Wadda ba ta maƙale a ƙaya ba takan ƙare a tumbin saniya ko akuya, kuma duk wanda ya saba shiga mayanka ya san irin dunƙulen ledar da mahauta ke cirowa. A inda ake dasa dubban itatuwa cikin damina ɗaya, kamar jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa a Najeriya, kowane dashe da ledarsa yake zuwa.

Sharaɗin da muka gindaya wa mazubin uku ne. Ya jure ban ruwa safe da yamma har mako 10. Ya ɗauku a hannu ya hau amalanke ba tare da ya ɓare ba. Sannan saiwa ta iya huda shi, ya ruɓe kafin damina ta ɗauke.

Kafin a taɓa tukunya, sai an raba abin da ake kira robar tsirrai gida-gida, domin sunan yana ruɗin mutane. Akwai wadda aka yi daga tsiro amma ba ta ruɓewa: kamfanin Braskem na Birazil tun 2010 yake yin folitin daga rake, kuma da zarar an gama shi babu abin da ya bambanta shi da na man fetur. Akwai wadda aka yi daga man fetur amma tana ruɓewa, kamar PBAT. Akwai kuma wadda ta haɗa biyun, an yi ta daga tsiro kuma tana ruɓewa, kamar PLA da sitaci. PLA ce ta fi suna. NatureWorks yana yin ta daga masara a Blair da ke jihar Nebraska ta Amurka, wata masana'anta kuma a Rayong ta ƙasar Tailan tana yin ta daga sukarin rake. Mun cire ta daga lissafi tun yanzu, saboda ba ta ruɓewa da sauri sai a tarin takin masana'anta mai zafin digiri 58 ko kusa da haka, da laima, na tsawon makonni. Ramin dashe ba ya ba da wannan. Saura sitaci, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya.

21 ga Janairu

An tace sitaci. Ɗanyen rogo kilo 20, an tono shi da safe an sarrafa shi a ranar, domin rogon da ya wuce kwana biyu bayan tono yakan fara baƙin jijiya, sitacinsa ya yi duhu. An feraye, an wanke, an goge a inji, an dama da ruwa ninki uku, an tace da farin ƙyalle. Bayan awa 8 gasarar ta kwanta, aka tsiyaye ruwan da ya taso sama, aka sake wankewa sau biyu, aka shanya a tire an lulluɓe da gidan sauro saboda ƙurar hunturu. Busasshen sitaci kilo 3.6 ya fito, wato kashi 18 cikin 100.

Ruwan tsiyaya na farko ba abin wasa ba ne. Yana ɗauke da gubar sayanaid, musamman in rogo mai ɗaci ne, kuma in ya kwanta a kwata yana tsami yana wari. An haƙa masa rami nesa da rijiya, an kewaye da ƙaya don kada dabbobi su sha. Duk mai lissafin amfanin robar rogo ga muhalli ya sa wannan ruwan a cikin lissafinsa.

4 ga Fabrairu

Zubin farko na shimfiɗar sitaci. Ma'aunin shi ne sitaci giram 50 a ruwa lita 1, sai gilisarin, irin wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin sanyi, wanda ake samu a kemis. Mun yi kashi uku: giram 10, giram 15 da giram 20, wato kashi 20, 30 da 40 cikin 100 na nauyin sitacin.

Ana dama sitacin ne a ruwan sanyi tukuna. In aka zuba shi a ruwan zafi, gudaji zai yi kamar kokon da bai damu ba, kuma gudajin ba ya narkewa daga baya. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa. Tsakanin digiri 60 da 70 farin ruwan zai fara kauri ya koma garai-garai. A nan ƙwayoyin sitacin suke kumbura su fashe. A kai shi 80 zuwa 85, a riƙe a nan minti 20, kada a bari ya tafasa. A sauke, a bar shi minti 10 kumfa ta taso, a kwashe ta da cokali. Mililita 300 a tire mai santimita 30 da 40 yana ba da shimfiɗa mai kaurin milimita 0.12 ko kusa.

Abubuwan da suka ɓaci: tiren alminiyam ya riƙe shimfiɗar gam, sai kankarewa, amma tiren roba da gilashi sun sake ta. Wadda aka shanya a fili ta tsattsage tun kafin yamma, saboda laimar iska a kwanakin nan ba ta kai kashi 20 ba, sama ya bushe ya tsuke alhali ƙasa yana ɗanye. A ɗaki, an rufe taga, ta ɗauki kwana biyu ta fito lafiya. Mai gilisarin kashi 20 tana karyewa kamar ƙanzo in aka lanƙwasa. Mai kashi 40 tana danƙo, tana mannewa da 'yar'uwarta. Mai kashi 30 ita ce ta yi kama da leda, tana naɗuwa, tana haske.

Dalilin a fili yake. Sitaci sarƙoƙi ne iri biyu, amilos miƙaƙƙe da amilofektin mai rassa, kuma in sun bushe suna riƙe juna da ƙarfi. Gilisarin yana shiga tsakani ya ba su damar motsi. Rogo ba shi da amilos da yawa, ƙasa da kashi 20 galibi, masara kuwa tana da kusan 25, shi ya sa shimfiɗar rogo ta fi haske da laushi amma ba ta kai ta masara ƙarfi ba. Binigar da ake yawan sakawa a irin wannan haɗin a bidiyoyin intanet mun gwada shi, cokali ɗaya a lita, ba mu ga ya sauya wani abin kirki ba.

Wani abin lura: sai an ƙafar da ruwa lita guda kafin a samu shimfiɗa giram 65. Masana'antu ba haka suke yi ba, suna tura sitaci da gilisarin ne ta cikin inji mai zafi da matsi, da ruwa kaɗan. Zubi a tire na gwaji ne kawai.

18 ga Fabrairu

An liƙa jakunkuna 12 daga shimfiɗar mai kashi 30, faɗi santimita 10, tsawo 18, aka liƙe bakin da dafaffen sitaci. An cika da ƙasa, an ba su ruwa. Kwana na biyu suka yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, kwana na uku babu wadda ta ɗauku. Guntun da aka jiƙa awa 24 aka sake busarwa ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma ya koma mai karyewa. Gilisarin ne ya bi ruwa ya fita. Abin da ke sa sitaci ruɓewa da sauri, wato son ruwa, shi ne dai ke hana shi aiki a inda ake ban ruwa.

5 ga Maris

Mako biyu ana neman yadda za a rage masa shan ruwa. Hanya ta farko ita ce sitirik asid, farin garin tsamin da ake sa wa lemon kwalba. Yana ƙulla sarƙoƙin sitaci da juna in an gasa. An sa kashi 5, 10 da 15 na nauyin sitaci a cikin damun, bayan shimfiɗar ta bushe aka sa ta a tanda mai digiri 130 na minti 10. Mai kashi 5 da mai kashi 10 sun daina narkewa, suna kumbura ne kawai su riƙe siffarsu. Mai kashi 15 ta fi wadda ba a sa wa komai ba rauni, saboda tsamin da ya yi yawa yana yanka sarƙoƙin da ake so ya ƙulla. Wadda ta wuce minti 15 a tanda ta yi ja ta ƙone a gefe.

Hanya ta biyu kakin zuma. Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, aka shafa da burushi. A shimfiɗe ruwa yana gangarewa a kai, sai dai da an lanƙwasa jakar kakin yake tsagewa a kan layin, ruwa ya shiga ta nan. Jakar da ta fi kowacce daɗewa, mai tsami kashi 10 da kaki, ta kai kwana 11. Ana neman kwana 70.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da ledojin sitacin da ake sayarwa a Turai, irin su Mater-Bi na kamfanin Novamont na Italiya. Ba zallar sitaci ba ne. Ana cakuɗa shi da wata roba mai ruɓewa dangin PBAT, ita ke ba su ƙarfi da jure ruwa. Wanda ba shi da wannan robar da injin cakuɗa ta ba zai samu leda daga tukunya ba, komai kyan abin a hoto.

19 ga Maris

An fara gwajin binnewa, don a ga abin da rubutun jikin leda yake nufi a ƙasarmu. Samfuri biyar: shimfiɗarmu mai tsami kashi 10, baƙar ledar raino, wata ledar kanti da aka rubuta mata cewa tana ruɓewa, wata jakar shara da aka shigo da ita mai tambarin EN 13432, shaidar Turai ta ruɓewa a taki, da kofin PLA mai lamba 7 a gindi.

Kafin binnewa an yi musu gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya. A jefa guntu a ruwa, a danna shi kumfa ta fita: folitin yana tasowa saboda bai kai ruwa nauyi ba, PLA da haɗin sitaci suna nutsewa. A goge fuskar da takardar yashi a ɗiga aidin: in akwai sitaci zai koma shuɗi mai duhu. Ledar kantin nan ta taso a ruwa, aidin bai sauya ba, da aka ƙona ta kuma ta yi ɗiga tana warin kyandir. Folitin ce da aka sa wa sinadarin da ke sa ta farfashewa a rana. Irin wannan ba ruɓewa take yi ba, ƙananan ɓarɓashi take komawa, an gudu ba a tsira ba. Tarayyar Turai ta haramta ta a dokar 2019 da ta fara aiki a Yulin 2021.

Shi kuwa tambarin EN 13432 yana da ma'ana, sai dai ma'anar a ɗaure take da sharaɗi: cikin takin masana'anta, a mako 12 abin ya wargaje har abin da zai rage a rariyar milimita 2 kada ya wuce kashi 10, a wata 6 kuma kashi 90 ya koma iskar kabon. Bai yi alkawarin komai ba game da gona, kwata ko kogi.

An yanka kowane samfuri santimita 10 da 10, an auna, an ɗinke a cikin guntun gidan sauro, an binne zurfin santimita 10 a wuri uku: fangalin da ake ba ruwa kullum, tsakiyar tarin taki, da busasshen rairayi. Za a tono a mako 4 da mako 12.

9 ga Afrilu

An sauya hanya. Tun da sitaci ba zai zama bango ba, za a mai da shi abin ɗauri, zare ya ɗauki nauyi. Mazubin yanzu mai tauri ne kamar kwalin ƙwai.

Haɗin, a busasshen nauyi: tsohon kwali kashi 50, niƙaƙƙen buntun shinkafa kashi 30, sitaci kashi 20, babu gilisarin sam. Ana yayyaga kwalin, a cire salatif da fil, a jiƙa kwana biyu, a kirɓa a turmi har ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi, a matse. Sitacin ana dafa shi da kauri, giram 100 a mililita 600, da tsami giram 5, a cuɗa da zaren tun da ɗuminsa. In ya huce kafin a cuɗa, ba ya ratsa ko'ina, mazubin ya fito da wuraren da ke marmashewa.

Abin zubin guntun bututun famfo ne mai inci 3, tsawo santimita 12, an tsaga shi biyu an ɗaure da waya, da turken katako da ya bar ratar milimita 4 ta kowane gefe. Ana danna turken da jak ɗin mota a cikin firam na ƙarfe, minti ɗaya. A shafa wa turken mai kaɗan, kuma a fiƙe shi ya ɗan tsuke ta ƙasa, in ba haka ba yana fitowa da bangon. A huda rami uku a gindi da ƙusa tun yana ɗanye. Zafin bazara yana busar da shi a kwana biyu, amma ranar farko a inuwa, don wanda aka kai rana kai tsaye ya karkace. Kowane ɗaya yana da nauyin giram 60, yana cin ƙasa kusan mililita 400.

Abin shafawa: ƙaro ya faɗi tun a gwajin farko, domin ruwa ke narkar da shi. Man kaɗanya yana narkewa a zafin rana ya shige cikin kwalin. Kakin zuma ne ya rage, kuma a kan bango mai tauri ba ya tsagewa kamar yadda ya yi a jaka. Shafa ta waje kawai tana cin giram 5, tsomawa gaba ɗaya tana cin 9.

28 ga Afrilu

An shuka. Mazubi 200, rukuni huɗu, hamsin-hamsin: baƙar leda don kwatance, marar kaki, mai kaki ta waje, mai kaki ciki da waje. Rabin kowane rukuni zogale, rabi dakwara, an jiƙa irin dakwarar kwana ɗaya. Ƙasar kashi biyu rairayi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Rumfar zana, ruwa safe da yamma.

20 ga Mayu

Mako uku, matsala uku, kuma babu wadda ta shafi narkewa.

Gara ce ta farko. Kwali da sitaci a jiƙe a kan ƙasa liyafa ce a wurinta. A kwana na 9 an tarar ta cinye gindin marasa kaki 6. An ɗaga duka rukunan a kan ragar waya bisa bulo, tsayin santimita 30, an zuba toka a gindin kowane bulo. Tun daga nan ba ta hau ba. Ragar ta zo da wani amfani: saiwar dakwara, wadda a leda take huda gindi ta shiga ƙasa har sai an riƙa yanke ta, yanzu tana isa iska sai bakinta ya bushe ta yi rassa a ciki.

Ta biyu ƙishirwa. Bangon da ba shi da kaki yana tsotse ruwa yana fitar da shi ta waje kamar randa. Zuwa azahar ƙasar cikinsu ta bushe alhali ta leda tana da danshi. An matso da su jikin juna, an kewaye layin waje da buhu, an ƙara musu ruwa na uku. A wurin da ake sayen ruwa a jarka, wannan kaɗai ya isa ya kashe marar kaki. Masu kaki ba su da wannan matsalar.

Ta uku ta fi ɓoyuwa. Ganyen zogale a marasa kaki da masu kaki ta waje ya yi ɗorawa-ɗorawa, tsayinsa bai kai na leda ba. Ƙwayoyin halittar da suka fara cin bangon ta ciki suna buƙatar naitirojin don su narkar da kwalin, kuma daga ƙasar mazubin suke ɗauka, sai dashen ya rasa. Dakwara ba ta nuna alamar sosai ba, da yake tana cikin itatuwan da ke samar wa kansu naitirojin ta saiwa. An jiƙa kashin kaji, gwangwani ɗaya a bokiti mai lita 20, kwana uku, ana ba su sau ɗaya a mako. Sabon ganye ya fara fitowa kore. Farar funfunar da ta fito a bango ba ta taɓa dashen ba, mun ƙyale ta.

11 ga Yuni

An tono samfuran binnewa, mako 12 cif.

Shimfiɗarmu a fangali da tarin taki tun tonon mako 4 ba a samu komai ba sai tabo a jikin gidan sauron. A busasshen rairayi kuwa tana nan, ta yi tauri kawai. Ko sitaci zalla ba ya ruɓewa inda babu danshi, kuma wata bakwai zuwa takwas na shekararmu rani ne.

Jakar mai tambari ta huhhuje a tarin taki, ta rage kamar rabi. A fangali ta yi laushi tana yagewa da yatsa. A rairayi ba abin da ya same ta. Kofin PLA ya fito garau a fangali da rairayi, a taki ya yi fari ya ɗan lotse. Ma'aunin zafin da ke cikin tarin ya nuna ya haura digiri 55 na kwana biyar kacal kafin ya sauka, ga dalilin ke nan. Baƙar leda da ledar kanti, wanke su kawai aka yi suka koma yadda suke. Sinadarin farfashewar ma rana yake buƙata, a ƙarƙashin ƙasa ba ya aiki. Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka wallafa a 2019, inda ledojin da aka rubuta wa suna ruɓewa suka shekara uku a binne kuma aka ɗauki kaya da su.

Abin da wannan ke nufi ga masu son sauya ledar cefane da ledar fiyawata da robar tsirrai yana da nauyi. Duniya tana yin roba kimanin tan miliyan 400 a shekara, ta tsirrai ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma mafi yawan mai ruɓewar an tsara ta ne don garuruwan da ke tara sharar abinci daban su kai masana'antar taki. Inda shara ke tafiya juji ɗaya, PLA leda ce kamar kowace. Wadda ta ruɓe a ƙasan juji, inda iska ba ta shiga, tana fitar da iskar mitan, wadda ta fi iskar kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba. Ga kuma masu tsintar gorar ruwa suna sayarwa: kwalbar PLA da ta PET, robar da ake yin gorar ruwa da ita, ido ba ya raba su, dukansu suna nutsewa a ruwa, amma PLA tana narkewa a zafin da bai kai na PET ba, kaɗan daga cikinta yana ɓata buhu guda a wurin narkarwa. Ruwanda da ta hana leda a 2008, da Kenya a 2017, da Legas da ta hana farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024, duk rage yawan abin suka nufa tukuna. Mazubin raino yana cikin 'yan wuraren da ruɓewa ke da ma'ana, domin dama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa zai ƙare, kuma a farkon damina.

8 ga Yuli

Mako 10 ya cika jiya, ruwa ya zauna, an fitar da dashe. Gwajin shi ne a ɗauki mazubi da hannu ɗaya, a sa a amalanke, a yi tafiyar mita 300, a sauke. Waɗanda suka isa lafiya: leda 50 cikin 50. Mai kaki ciki da waje 47. Mai kaki ta waje 41, kuma yawancin waɗanda suka ɓare zogale ne, wanda kaurin saiwarsa ya riga ya tsaga gindin. Zogale bai kamata ya wuce mako 6 zuwa 8 a raino ba dama. Marar kaki 14, an cire shi daga aikin.

Wurin dasawa, a binne bakin mazubin gaba ɗaya da ƙasa yatsa biyu a kai. Bakin da ya leƙo waje yana zama lagwani, yana jan ruwan ramin yana ba iska. An yi wa rabin masu kaki tsaga biyu a gefe da wuƙa, an bar rabi haka, an kafa alama.

12 ga Agusta

An tono 5 daga kowane kashi bayan mako 5. Masu kaki ta waje sun ruɓe sun zama kamar jiƙaƙƙen ganye, saiwa ta fita ta ko'ina, da tsaga da babu tsaga duk ɗaya. Masu kaki ciki da waje da ba a tsaga ba bangonsu yana nan, saiwa ta fita ta gindi kawai, sauran ta kewaya ciki kamar yadda take yi a leda. Waɗanda aka tsaga sun fi, amma ba su kai na farko ba. Gara ta shiga ramuka da yawa ta ci kwalin; a biyu daga cikin zogalen ta taɓa saiwar, don haka za a ci gaba da duba wannan har ƙarshen damina. Mai kaki ta waje shi ne za a ci gaba da shi.

Lissafin mazubi dubu 100, wanda gandu matsakaici zai iya buƙata: sitaci giram 12 kowanne, tan 1.2 ke nan, wato ɗanyen rogo kusan tan 6.7 a yadda muke tacewa, abin da bai wuce amfanin hekta guda ba. Wannan ba zai taɓa farashin garin kwaki ba, sai dai in aka ce duk ledar ƙasar nan za a yi da rogo, nan magana ta sauya. Kwali tan 3, buntu tan 1.8, duka shara ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba, a kaki ne: kilo 500, kuma kakin zuma ya fi duk sauran kayan tsada in an haɗa su. Kyandir zai yi arha, amma daga man fetur yake. Sai nauyi, giram 65 a inda leda ba ta wuce 'yan giram ba, ga cin wuri a mota tunda ba ya naɗuwa. Sai hannu: mutum biyu da jak ɗaya suna fitar da 120 a yini. A kuɗi, leda ta fi arha ninkin-ba-ninkin, kuma ba mu ga alamar hakan zai sauya ba. Dafa sitacin da gas muke yi; in aka koma itace, za a ƙona bishiya don a raini bishiya.

Aikin wata mai zuwa: tace sitaci daga ɓawon rogon da masu garin kwaki ke zubarwa, a ga ko duhunsa da yashinsa suna rage ɗauri, shafa kaki a kashi biyu cikin uku na ƙasan mazubin kawai don a sauko da shi giram 3, maye gurbin rabin kwalin da zaren rama, da ƙera abin zubi mai baki huɗu a jak ɗaya. An ajiye busassun mazubai 30 a ɗaki tun Afrilu, kuma laimar Agusta ta sa 8 sun yi funfuna, don haka za a gwada ajiya a kan rataye kusa da rufi, a sake ƙirgawa ranar 9 ga Satumba.